Auta Ba Ta Taɓa Shiga Ba

Auta ta iya rubuta manhajar kwamfuta, kowa a gidan ya san haka. Ita ta haɗa wa yayanta tela manhajar da yake ajiye awon kwastomominsa a waya. Abin da ba wanda ya sani shi ne, duk kamfanin da ya kira ta intabiyu, ba ta taɓa shiga ba.

Yaya zai sauke ta a bakin ƙofa da babur ɗinsa, ya yi mata addu'a, ya juya. Da ya sha kwana sai tsoro ya kama ta. Ta riƙa ganin yadda za su dubi aikinta su taɓe baki. Sai ta zagaya bayan ginin ta zauna a kan matakala har rana ta take, sannan ta hau motar haya ta koma gida.

"Sun ce ban dace ba," take cewa.

Inna kuwa ta saki abin da take yi ta hau ja wa kamfanin Allah ya isa. Yaya ya ce laifin shigarta ne, ya zauna ya ɗinka mata sabuwar riga. Auta ta karɓa ta yi godiya.

Ranar da wani kamfanin ya sake kiranta, Yaya ya sauke ta amma bai juya ba. Ya kafe babur a gindin wata bishiya da ke kallon ƙofar gilashin.

"Yau na rufe shago," ya ce. "Ina nan har ki fito."

Ba hanyar zagayawa. Ta shiga, ta gaida mai karɓar baƙi, aka nuna mata benci inda masu jira suke. Ba ta zauna ba, ta wuce banɗaki ta murza makulli. Bayan ta daɗe a ciki, ta wata ƙaramar taga ta hango Yaya. Inuwar bishiyar ta guje masa, yana tsaye cikin rana da waya a kunne, yana rusunawa kamar mai kiran na gabansa. Ta san wannan rusunawar: wani ne ya zo karɓar ɗinki ya tarar da shago a kulle, Yaya na ba shi haƙuri. Kunya ta rufe ta har ta fi tsoron ƙarfi. Ta wanke fuska ta fito.

Wata mata mai tabarau ce ta yi mata tambayoyin. Ta juyo mata da kwamfuta ta ce manhajar nan ba ta aiki, ta nemo dalili. Auta ta gano kuskure ɗaya ta gyara. Akwai wani, ta yi ta dubawa ba ta gan shi ba.

"Kanki na ja," in ji matar. "Amma wajen adana bayanai da sauranki, mu kuma wanda ya ƙware a nan muke nema. Ba za mu ɗauke ki ba wannan karon. Ki je ki ƙara karatu a kai."

Shi ke nan. Ba wanda ya yi dariya. Auta ta miƙe ta fito.

"Ya aka yi?" Yaya ya tarbe ta.

"Ba su ɗauke ni ba."

"Su ma? Wai duk makafi ne a garin nan? Bari in shiga in ji abin da kika rasa."

Ta riƙe hannun rigarsa. "Yaya, tsaya. Wannan ne na farko da na shiga. Sauran duk a bayan gini nake zama."

Ya dube ta, ya dubi rigar da ya ɗinka mata a jikinta. Ya tayar da babur kawai. Ta hau, suka nufi gida. A ƙofa ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Da kin gaya min tsoro kike ji, ai ba dukanki zan yi ba."

Ita da kanta ta gaya wa Inna. Inna ta yi salati, ta yi faɗa, zuwa yamma ta huce. Fushin Yaya ne ya daɗe. Ya daina tsokanarta, gaisuwa kawai, kuma wannan ya fi ƙin da kamfanin ya yi mata zafi.

Ta koma kan karatun da matar ta ce. Intabiyu na gaba a motar haya ta je, ta shiga, ba a ɗauke ta ba. A na bayansa aka ce ta dawo zagaye na biyu. Daga can shagon Yaya ta wuce, ta tsaya a bakin ƙofa ta faɗa masa.

Bai ɗago daga kan keken ɗinki ba. "Miƙo min almakashin can," ya ce.

Ta miƙa masa. Ya yanke zare, ya ture yadin da ke kan kujerar kusa da shi.

"To zauna mana. Me da me suka tambaye ki?"