Haƙorin da Muka Aika Taro

Ranar da na tsaga cikin kifi na tarar da jan murfin gora a ciki, ban gaya wa kowa ba. Na wanke kifin, na dafa shi da madarar kwakwa, muka ci da rogo. Murfin yana da rubutu. Ni ban san baƙi ba, amma malamin makaranta ma da na nuna masa, juya shi ya yi ta yi, ya ce wannan ba rubutun maƙwabtanmu ba ne.

A tsibirinmu babu mai ƙera roba. Kanti ɗaya gare mu, shi ma ya fi zama a rufe. Amma da iska ta kaɗo daga gabas sai bakin teku ya cika da leda, da goruna, da igiyar masunta, da takalma 'yan ƙafa ɗaya. Mata su share ran Asabar, kafin a tashi coci ran Lahadi teku ta sake kawo mana wani. Wurin da muke kama ƙaguwa ya fara wari.

Ana haka jikata Miliakere ta zo daga Suva, babban birnin ƙasarmu, yin sallama. An sa ta cikin masu tafiya taron ƙasashen duniya, inda za a ƙulla yarjejeniyar rage ƙera roba. Aka taru a zauren gari, ana zagayawa da ƙoƙon yangona, jiƙon saiwar da muke sha a duk zaman shawara, ta yi mana bayani. Ta ce a can sai kowa ya yarda ake sa hannu. Akwai kuwa wata ƙasa da arzikinta ke cikin man da ake yin robar, kuma duk zaman da aka yi, wakilinta sai ya ce a'a.

Sakiusa, mai magana da yawun sarkinmu, kuma taubashina, ya ajiye ƙoƙo.

"An roƙe shi?"

"Baba, ai kullum ana magana da shi."

"Ban ce magana ba, 'yar nan. An roƙe shi?"

Sai idanu suka juyo kaina.

A wurinmu roƙo da tabua ake yi, haƙorin babban kifin nan mai feshin ruwa ta ka. Da shi ake neman aure, da shi ake neman gafara, da shi ake binne mutum. Wanda ba zai biya maka buƙata ba, ba ya taɓa shi. In ya karɓa, magana ta ƙare. Na garin duk sun tafi a bukukuwa da makoki, saura nawa, wanda dangin mijina suka kawo neman aurena. Na ajiye shi don ranar da za a kai ni.

Na ce, "Sakiusa, na bakinka ma ka kasa riƙewa, shi ne kake hangen nawa?"

Ya ce, "Vasemaca, ke ai ba yanzu za ki mutu ba. Mugunta ba za ta bar ki ba."

Aka yi dariya. Miliakere ba ta yi ba. Ta biyo ni gida ina goge haƙorin da man kwakwa.

"Kaka, mutanen nan fa ba su san wannan ba."

"Shi ya sa aka yi miki baki. Ki gaya masa, in ba zai yi ba, kada ya sa hannu."

Ta karɓa tana kallon ƙasa.

Ana tsakiyar taron hoto ya iso wayar malamin makaranta. Ga Miliakere a durƙushe, ga wakilin nan mai cewa a'a, dogo, cikin kwat mai tsada, ya riƙe haƙorina da hannu biyu, nasa haƙoran duk a waje. Garin ya ɗauki guɗa. Aka haƙa rami aka gasa gwaza da kifi, fasto ya yi addu'ar godiya. Ni dai na lura igiyar haƙorin tana jan ƙasa kusa da takalminsa, kuma ba Miliakere yake kallo ba, mai hoton yake kallo. Na ci gwazana.

Da ta dawo sai da na sake dubawa kafin na gane ta. Wuyanta ya yi tsawo. Aka sake zama a zaure.

Ta ce mutanen ƙasarsa jirgi guda suka ciko, namu kuwa ko kwale-kwale ba za su cika ba. Sai a raba taron ɗaki-ɗaki a lokaci ɗaya. Su kowane ɗaki suna da mutum, in ya gaji wani ya canje shi. Ita sai gudu tsakanin ɗakuna da takalmi a hannu, tana isa wannan an riga an goge maganarmu a wancan. Ranar ƙarshe ƙasashe kusan duka suka yarda. Shi ya ɗaga allon ƙasarsa ya ce a'a. Aka naɗe taro ba yarjejeniya.

Sakiusa ya ce, "Kin yi masa bayani kuwa?"

"Na yi, Baba. Har na maimaita. Ya ce al'ada ce mai kyau ƙwarai, zai rataye shi a ofis."

Wani ya ce ai mu ma a zauren nan sai kowa ya yarda. Na ce haka ne, amma wanda ya ƙi a nan gobe da mu zai shiga kwale-kwale, kuma mu za mu haƙa masa kabari. Shi kuwa wancan, jirgi ya hau ya tafi.

Miliakere ta buɗe jaka. "Ya ba da tukwici."

Gorar ruwa ce ta roba, shuɗiya, da hoton kunkuru a jiki. Wai irin wadda ba a yarwa, sai a yi ta sake cikawa. Kyauta kuwa ba a barin ta a ƙasa. Sakiusa ya miƙa hannu biyu ya karɓa, ya yi tafin karɓar kyauta, ya faɗi kalmomin godiya har ƙarshe. Ban taɓa jin tausayin tsohon nan ba sai ranar.

Bayan iskar gabas ta gaba, warin ne ya tashe mu da safe. Babban kifin nan mai feshi ne kwance a kan rairayi, ya fi cocinmu tsawo. Tun ina yarinya ban ƙara ganin teku ta ba mu irinsa ba. Babu rauni a jikinsa. Da maza suka fasa cikin, abin da ya zubo kowa ya san shi, don shi muke sharewa duk Asabar. Leda ta dunƙule da igiya da ragar kamun kifi, har da bokiti guda lafiyayye. Wata mata ta ce kamar nata da ya ɓace.

Samari suka hau muƙamuƙin da gatari. Haƙora jere reras, kowane ya kai nawa girma.

Sakiusa ya zo ya tsaya kusa da ni, ya toshe hanci da gefen zanensa.

"Miliakere ta ce za a sake zama baɗi," in ji shi. "Yanzu kam muna da na roƙon kowace ƙasa."

"A cire mini nawa tukuna."

"Gaggawar me kike yi? Ga su nan jingim."

Na juya ina kallon teku. Can bayan duwatsun da igiyar ruwa ke fashewa na hango wani feshin, gajere, ba ƙarfi. Ya daɗe kafin ya sake yi. Da ya sake, ya matso kusa.