Alamar Tambaya Goma Sha Bakwai

A shagon buga takardu da ke bakin ƙofar jami'a, ɗalibai ba su san shi da wani suna ba sai Mai Shafi. Shekara tara yana tsara wa mutane kundin digiri, bai taɓa jin hannunsa ya gaza ba sai a kan kundin matarsa.

Sashensu Malama, wato matar tasa, ya ce dole a tsara kundi da wata manhaja wadda ake rubuta mata umarni, ita kuma ta jera lambobin babi da jadawali da manazarta da kanta. Kwana uku ya yi yana ƙoƙarin ɗora ta a kwamfutar Malama. Ya sauke, ya goge, ya sake saukewa, kullum sai ta tsaya a tsakiya ta zubo jan rubutu cewa wani fayil ya ɓace. A rana ta huɗu Malama ta kira Dakta, abokin karatunta na dā wanda yanzu yake koyarwa a sashen. Ta waya ya ce ta buga layi ɗaya. Minti biyar, komai ya tashi.

"Allah ya saka, Dakta, ka fitar da ni kunya," ta ce, tana dariyar nan mai sa ta rufe baki da bayan hannu.

Mai Shafi yana tsaye a bayanta riƙe da waya ta caji. Da shi ake dariyar nan a dā.

Ranar da za a miƙa kundin, ta ajiye masa kwamfutar a shago da safe, ta ce ya duba gefen shafuka ya buga kwafi uku, za ta dawo kafin azahar. Ya zauna tsakanin firinta da tarin farar takarda yana bin shafuka. Sunan Dakta ya fito a shafi na huɗu cikin baka biyu, da shekara a gefensa. Ya sake fitowa a na tara. Ya fara ƙirgawa ba da son ransa ba, har ya kai goma sha bakwai. Ya koma shafin godiya neman kansa, ya samu a layin ƙarshe: "da maigidana, saboda haƙurinsa."

Haƙuri. Abin da ake gode wa mai gadi da shi ke nan.

Ya buɗe fayil ɗin manazarta, inda kowane marubuci yake da ƴan layukansa. Na Dakta layi shida ne. Ya zuba musu ido har suka fara rawa, ya shafa su da shuɗi, ya danna maɓallin gogewa. Wani sanyi ya ratsa ƙirjinsa, irin na wanda ya sauke tulu daga ka. Sai ya sa manhajar ta sake haɗa kundin.

Ba ta bar gurbin a rufe ba. Duk inda sunan yake, ta dasa baƙar alamar tambaya mai kauri cikin baka biyu. A dā sai ka nema za ka ga Dakta. Yanzu daga bakin ƙofa ana hango shi.

Yana laluben hanyar mayar da layukan ta shigo, da jaka a kafaɗa.

"Yallaɓai, an gama?" Ta leƙo allon, fuskarta ta canza. "Mene ne wannan kuma? Ta sake lalacewa?"

"Ƙila sai an sake haɗawa sau biyu. Wani lokaci haka take yi."

Ya haɗa sau biyu. Alamomin ba su motsa ba.

"Saura awa biyu a rufe ofis," ta ce. Ta zaro waya. "Bari in kira Dakta, yana cikin makaranta, sai ya leƙo."

Mai Shafi ya hango abin kamar ya riga ya faru: Dakta a kan kujerarsa, yana buɗe fayil ɗin, sannan ya ɗago kai ya dube shi da tausayi.

"Kada ki kira shi. Ni na goge."

"Ka goge me?"

"Shi."

Ta sauke wayar a hankali. Firinta na ta ƙugi a gefe, ba wanda ya ba ta aiki.

"Shekara biyu ina rubutun nan," ta ce. "Ko yayata ban ba ta ta riƙe ba. Kai na ba."

"Sau goma sha bakwai, Malama. Ni kuwa rabin layi."

"Ka ƙirga. To ka karanta?"

Ya mayar da ido kan allon.

"Guda goma sha ɗaya ƙaryata shi nake yi. Babi na uku gaba ɗaya rusa maganarsa ne. Ya sani, har ya daina amsa gaisuwata mako biyu."

Ya ɗan ji dama-dama a ransa, amma bakinsa ya riga shi. "Sauran shidan fa?"

"Sauran shida gaskiya ya faɗa. In yi masa ƙarya saboda kai?"

Ta ciro maƙalar Dakta daga jaka, ta jawo kujerar da ɗalibai ke zama, ta matso har gwiwarta na taɓa tasa. Ta karanto masa sunan harafi-harafi, da taken, da shekara, shi yana bugawa. Ya haɗa sau biyu. Alamomin suka ɓace, sunan ya koma mazauninsa.

"Ki je ki sha ruwa, zan buga in ɗinke miki."

"A'a," ta ce, ba ta ɗauke ido daga allon ba. "Ina nan."

Haka ta zauna har shafi na ƙarshe ya fito, hannunta ɗaya a kan murfin kwamfutar.