Bakwai-Bakwai Zuwa Saman Golkonda

Keken marasa lafiya mai naɗewa. Sanda mai ƙafa uku. Ambulan ɗin hoton gwiwa. Dabinon Madina rabin kilo. Gorar ruwa biyu. Tsohuwar lema koriya wadda hannunta ya sha ɗauri da waya.

Abin da ke bayan motar ke nan lokacin da ta kutsa cunkoson Haidarabad, birnin Indiya da Basma ta kawo mahaifinta ganin likita. Majid, ɗan rakiyar da ta ɗauko don ya zaga da su gari yini guda, shi ke tuƙi shi ke bayani. Ya yi shekara huɗu yana aiki a Jidda, Larabcinsa na kasuwa ne amma ana ganewa. Basma na baya tare da mahaifinta, Tsoho, wanda ya kafa ido a kan gwiwarsa tamkar wani zai sace ta.

Shekara talatin da takwas Tsoho ya yi yana kai alhazai ziyara a Makka. Mina, Arfa, Jabal Saur, Jabal Nur. A unguwar Misfala aka haife shi, a unguwar Mansur ya tsufa, a hawa na uku na wani gida marar lif. Wannan lemar yake ɗagawa sama alhazansa su bi. Wata biyar da suka wuce aka sa masa sabuwar gwiwa a nan Haidarabad, kuma tun da suka koma Makka bai sake taka matakala ba. Nasir, babban ɗansa, ya shimfiɗa masa katifa a falon ƙasa. Daga katifa sai keke, daga keke sai katifa.

Jiya likitan ya ɗaga hoton, ya lanƙwasa ƙafar, ya miƙar da ita.

“Gwiwar ta warke,” ya ce wa Basma da Turanci. “Tsoron ne bai warke ba. Wannan kuwa ba ni da allurarsa.”

Da yamma Nasir ya kira daga Makka. Kamar kullum, da Larabci ya fara, ya ƙarasa da Hausa. Ranar Alhamis da za su sauka zai miƙa wa maƙwabcinsu mai suna Turki makullin ƙaramar bas ɗin Baba, da lambobin wakilan da ke turo masa alhazai. “Halas, shi ke nan, Basma. Abuya ya yi nasa. A bar shi ya huta.” Tsoho na jin su, bai ce uffan ba. Shirun nan ne ya sa Basma ta nemi ɗan rakiya. Ba wata dabara ta shirya ba. Ta dai gaji da ganinsa yana kallon bangon otal.

A Carminar, ginin nan mai hasumiya huɗu a tsakiyar tsohon gari, Tsoho ya ƙi fitowa. Ya sauke gilashi kawai. Majid ya tsaya ya ba motar baya, yana nuna sama, yana jero shekaru da sunayen sarakuna.

Da suka dawo Tsoho ya ce da Hausa, “Wannan yaron da ginin yake magana, ba da ke ba.”

“Ya san aikinsa, Baba.”

“Ya san littafinsa. Sau nawa ya waiwayo ya ga ko kina raye?”

Wannan ce magana mafi tsawo da ya yi a mako guda. Basma ta adana ta.

Suka ci biryani a wani shago mai fanka uku. Majid ya tambaya ko Hajji Sahib, wato Tsoho, ya taɓa cin irinta.

“Shinkafar Bukhari ce da ta yi fushi,” in ji Tsoho, ya ƙara cokali.

Bayan azahar suka isa Golkonda, tsohuwar ganuwa a kan dutse a gefen birnin. Basma ta tura keken har ƙarƙashin wata ƙubba a bakin shiga. Majid ya tsaya a tsakiya ya tafa hannu sau ɗaya, ƙarar ta zaga rufin ta dawo.

“Ana jin wannan tafin a can ƙololuwa,” ya ce. “Haka masu gadi ke sanar da sarki an yi baƙo. Matakala ɗari uku da sittin ne, ko ɗan fi. Madam za ta hau, minti ashirin. Hajji Sahib zai jira mu a inuwa.”

“Ba sai na hau ba,” in ji Basma.

“Hau,” Tsoho ya ce. “Wa ke zuwa gindin dutse ya koma?”

Ta ajiye shi a inuwar bango kusa da matakalar farko, ta ɗora masa lemar da dabinon da gora ɗaya a cinya, ta jingina sandar a gefe. Majid ya riga ya yi gaba, yana magana da iska. Ta bi shi. A wajen mataki na talatin ta waiwaya.

Wata tsohuwa ce zaune a mataki na goma sha wani abu, siririya, cikin sari, zanen matan Indiya, ruwan goro, da kwando ɗauke da kwakwa da furanni a gefenta. 'Yan uwanta sun yi sama sun bar ta. Ta miƙe, ta ɗaga kai ta dubi ƙololuwar, ta haura mataki huɗu da sauri kamar ana korar ta, ta sake zubewa tana haki.

Muryar Tsoho ta taso daga ƙasa, muryar da Basma ba ta ji ba tun kafin aikin gwiwar.

“Ya Hajja. Ahista, ahista.”

A hankali, ke nan, da Urdu. Duk mai kai ziyara a Makka yana da kalma goma a kowane harshe. Tsohuwar ba ta san da ita ake ba. Ta sake ɗaga kai sama, ta sake yunƙurawa.

Tsoho ya yi tsaki. Ya dafa hannayen keken ya miƙe. Bai dubi sandar ba. Lemar ya ɗauka, ya cusa dabinon a aljihun jallabiya, ya rataya gorar a wuya.

Majid ya dawo da gudu zai sauka. Basma ta tare hanya da jakarta.

“Tsaya.”

“Madam, zai faɗi.”

“Na ce tsaya.”

Majid ya tsaya. Ta ga ƙafar dama, mai tsohuwar gwiwa, ta hau mataki na farko. Ta hagu ta daɗe a ƙasa. Sannan ta bi. Tsoho bai kalle ta ba, tsohuwar yake kallo, fuskarsa a murtuke irin ta mutumin da ya ga ana ɓata aiki a gabansa.

Da ya isa wurinta bai miƙa mata hannu ba. Bai taɓa miƙa wa alhajiya hannu ba. Ya riƙe lemar a naɗe ta wajen mariƙi, ya miƙa mata ɗaya bakin. Ta dube shi, ta dubi lemar, ta kama. Ya nuna mata yatsu bakwai. Ya nuna mata ƙasa, wurin ƙafafunta, ya girgiza kai ga ƙololuwar. Sannan ya hau mataki ɗaya a gabanta, ba biyu ba.

“Wahid. Itnen. Talata.”

A na bakwai ya tsaya, ya juya ta ta fuskanci inda suka fito. Basma ta san wannan. Tun tana ƙarama take jin yana faɗa wa direbobi: gajiyayye ba a nuna masa abin da ya rage, abin da ya ci ake nuna masa. Bakwai kuwa duk wanda ya yi ɗawafi jikinsa ya san tsawonta.

Suka iso inda Basma da Majid suke. Gumi ya jiƙa hular Tsoho. Ya wuce 'yarsa kamar bai san ta ba, ya miƙa wa Majid kwandon tsohuwar.

“Riƙe wannan. Ka koma baya. Ɗan rakiya na biyu a baya yake tafiya.”

Majid ya karɓa, ya leƙa cikin kwandon, ya rage murya. “Hajji Sahib, ba alhajiya ba ce. Wurin bautarsu za ta, yana can sama.”

“Na tambaye ta fasfo? Tsohuwa ce, dutse ne. Yalla.”

Bakwai, tsayawa. Bakwai, tsayawa. A tsayawa ta uku ya ba ta dabino ɗaya da kurɓin ruwa. “Pani,” ya ce, ya karɓe gorar kafin ta cika ciki. Ta yi masa wata doguwar magana da harshen da ko Majid sai da ya karkata kunne.

“Ta ce kai mugu ne,” in ji Majid.

“Ka ce mata haka matan Kano ke cewa, kuma duk sun kai kogon Hira.”

Wajen mataki na ɗari wasu dattawa biyu da ke zaune a gefe suna fifita da jarida suka ga yadda ake yi, suka miƙe suka bi. Can gaba wani mai tumbi da kyamara a wuya ya shigo layi ba tare da sallama ba. Tsohuwar ta fara ƙirga da nata harshen, dattawan da nasu, Tsoho da Larabci, duk suna tsayawa a wuri ɗaya. A kowace tsayawa sai ya ƙirga kawunansu da baki, har da Basma, har da Majid.

Sau ɗaya gwiwar ta yi masa gardama. Basma ta ga ya cije leɓe, ƙafar hagu ta tsaya a sama ba ta sauka ba. Ta matso.

“Baba.”

“Koma layi.”

“A huta kaɗan.”

“Muna kan huɗu. Ba a hutawa a kan huɗu.”

Ya sauke ƙafar. Biyar. Shida. Bakwai. Sannan ya jingina da bango, ya ci dabino ɗaya shi ma, yana haki. Basma ta juya tana kallon birnin don kada ya ga ta gani.

Awa ɗaya da kwata suka yi. Kusa da ƙololuwa 'yan uwan tsohuwar suka fito daga wani lungu mai tutoci, suna ta surutu. Ta saki lemar, ta karɓi kwandonta daga hannun Majid, ta zaro ayaba ɗaya ta ɗora a tafin Tsoho. Ta haɗa hannayenta biyu a ƙirji. Shi kuma ya dafa nasa ƙirjin. Ta shige.

Sauran matakan shi kaɗai ya ƙirga su. A saman, iska na kaɗawa, Haidarabad ta bazu har inda ido ya gaza. Tsoho ya buɗe lemar a karon farko ya tsaya a ƙarƙashinta. Daga can ƙasa wani ya tafa hannu, ƙarar ta iso sarai kamar a bayan kunne.

“To,” in ji Tsoho. “Wannan kam gaskiya ka faɗa.”

Majid ya yi dariya, ya share wuya. “Shekara tara ina hawa nan. Ban taɓa kawo wanda ya haura shekara sittin ba.”

“Don kana gudu. Dutsen ba zai tafi ko'ina ba. Jabal Nur ya ninka wannan sau uku, kuma babu mai tafa maka.”

Basma ta ciro waya. “Bari in nuna wa Nasir.”

“Mayar da ita.”

“Baba, zai ba Turki makullin.”

“Sai Alhamis ya ce. Mayar.”

Saukowa ta fi hawa wuya. Ya yi ta a karkace, yana dafa kafaɗar Majid. A otal gwiwar ta kumbura ta yi kamar gwanda, Basma ta ɗora mata ƙanƙara ta kira likitan. Likitan ya tambayi mataki nawa. Da ta faɗa masa ya ce kwana uku kada ya maimaita, kuma a gaishe shi.

Ranar Alhamis bayan la'asar tasi ta ajiye su a Mansur, a bakin layinsu, tsakanin mai tsire da shagon waya. Nasir na tsaye a ƙofar gida, Turki na gefensa, bas ɗin na fake an wanke ta. Nasir ya nufi but ɗin tasin ya fara fito da keken.

“Hamdillah alas-salama, Abuya. Bari in buɗe maka.”

Tsoho ya riga ya fito ta ɗaya ƙofar, lemar a hannunsa. Ya zagayo motar da ƙafarsa, a hankali, yana ɗan ɗingishi. Mai tsire ya bar wuƙarsa ya tsaya kallo.

“Sannu da hanya, Ammi Tsoho,” in ji Turki, wato baffa da Larabci. Idonsa na kan ƙafar.

“Yawwa, Turki. Ya mahaifiyarka?” Ya miƙa wa Nasir tafin hannu. “Makulli.”

Nasir ya dubi Basma. Basma ta dubi jakunkuna.

“Abuya, mun riga mun yi magana. Likita…”

“Likita ya gaishe ni. Makulli.”

Nasir ya ajiye shi a hannunsa. Tsoho ya jefa a aljihu, ya shiga gidan, ya wuce ƙofar falon da katifarsa ke ciki, ya tsaya a gindin matakala. Nasir ya yunƙura zai bi shi, Basma ta ɗora masa babbar jaka a hannu.

“Mataki arba'in da biyu ne kawai,” ta ce. “Bakwai sau shida.”

Suna tsaye a ƙasa suna jin sa. Takun ƙafa, ƙwanƙwasar bakin lema, shiru. Takun ƙafa, shiru. Can suka ji makullin ƙofarsa na juyawa a hawa na uku. Muryarsa ta gangaro ta ramin matakalar.

“Keken nan a kai masallaci, wani zai buƙata. A hawo mini da katifata.”

Ƙofar ta rufu. Daga bayanta ya ƙarasa, da ƙarfin da har mai tsire ya ji.

“Asabar bayan asuba ina da ziyara. Turki zai tuƙa, ni zan hau da su.”