Jinin Tirela Ya Sauka

Injin tafiyar da ake gwajin zuciya da shi a asibiti ya ƙara gudu, Tirela ya damƙe ƙarfen riƙo yana haki. Wayoyi manne a ƙirjinsa, abin awon jini ya shaƙe masa damtse. Shekara da shekaru yana hawa bene da buhun siminti a kafaɗa, har abokan aiki suka laƙaba masa sunan nan, sai ga shi yau tafiya ba kaya tana neman kayar da shi.

"Baba, akwai ciwo a ƙirji?" in ji nas ɗin.

"Babu, 'yata."

Akwai. Kamar an ɗora masa bulo, har cikin haƙoransa yake jin sa. Amma ɗan kwangilar da yake wa aiki ya riga ya faɗa, duk wanda asibiti ta ce bai da lafiya, ya zauna gida. Shi kuwa bakuna shida ke jiran sa.

Nas ta sake duba awon jinin, ta yi sauri ta kashe injin. Likita ya leƙo, ya juya wa Tirela baya, ya yi wa ɗalibansa bayani cikin Turanci. Zuciya mai lafiya, in aka sa ta aiki, jini hawa yake yi. Na wannan faɗuwa ya yi, alamar jijiyoyin zuciyar sun kusa toshewa. Ɗalibai suka rubuta, suna gyaɗa kai. Mai zuciyar na zaune yana neman takalminsa, ba wanda ya dube shi.

"Ranka ya daɗe, yaya ake ciki?"

"Jininka ne ya sauka, Baba. Za a ba ka ranar ganin babban likita. A shigo da na gaba."

Ranar da aka ba shi sai bayan wata huɗu.

* * *

Matarsa na wanki a bakin famfo ya shigo yana murmushi.

"Hawan jinin nan da kika hana ni gishiri a kansa, to, ya sauka. Likita da bakinsa ya faɗa."

Ta saki rigar cikin bokiti. "Don Allah, Baban yara?"

"Ina cikin gudu ma ya sauka. Ke dai raina ni kike yi."

Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ai dama tsohuwar mota ta fi jure hanya. Rabon da ta yi dariya irin wannan tun ranar da ya fara dafe ƙirji. Abin takaici, ba wanda ya yi musu ƙarya, an dai ga ba su isa a yi musu bayani ba ne.

* * *

Washegari ya koma aiki. A hawa na uku ya tsaya, ya jingina da bango, buhun na kafaɗarsa. Ya ce wa na bayansa ya wuce, ƙwarnafi ne kawai.

A daidai lokacin matarsa na ƙofar maƙwabciya, wadda ita ma mijinta ke fama da hawan jini. Ta miƙa mata ragowar ƙwayoyin hawan jinin Tirela a ƙulle cikin leda.

"Ungo, ki ba mai gidanki. Namu ya warke."