Layar Tamit a Wuyan Wata

A kasuwar bakin kogi ta birnin Waset makwabciyata Mutemheb ta ga layar. Muna cinikin albasa sai na ji ta damƙe min hannu har farcenta ya shige ni.

Wata mai sayar da busasshen kifi ce zaune, da yarinya ramammiya a cinyarta. A wuyan yarinyar akwai shuɗiyar laya mai siffar idon abin bautarmu Horu, girarta a karkace. Mijin Mutemheb ne ya yi ta, kuma ita da hannunta ta cusa ta cikin lilin ɗin da aka naɗe gawar 'yarsu Tamit bara.

"'Yar'uwa, ina kika samo wannan?" in ji Mutemheb.

"Wajen wani mai jirgin fito. Bargona na ba shi. Ke ma so kike? Ki nemi taki!" Matar ta rufe wuyan 'yarta da tafin hannu. "Zazzaɓi ya cinye min biyu. Wannan ta rage."

Na buɗe baki zan ce kayan kabari ne, Mutemheb ta taka min ƙafa. Ta durƙusa ta daɗe tana kallon yarinyar, sannan ta gyara ƙullin zaren da ya kusa kwancewa.

"Kada ki cire mata ko wanka za ki yi mata," ta ce. Ta tashi, ta manta kwandonta a wurin.

Washegari muka haye kogin zuwa yamma, inda kaburbura suke, tare da mijinta, Amenwa. Mun tarar an fasa ƙofar kabarin. Ɓarayi sun yage lilin, sun kwashe layu har da ta dutse mai siffar buzuzu da ke kan zuciyar Tamit, sun yar da ita rub da ciki a ƙasa. Amenwa ya dafa bango ya kasa shiga. Mutemheb ce ta ɗauke ta, ta kakkaɓe mata yashi daga gashi, ta naɗe ta da mayafinta.

"Haka za ta yi tafiyar lahira, ba mai tsaronta?" Amenwa ya tambaya. "Kin ga layar kika bar ta?"

"Yarinyar tana numfashi, Amenwa."

Ya yi wasu layun, amma suka yi ta tsagewa a wuta. Ɗaya ce kawai ta fito da ɗan dama, ita suka kai wa Tamit. Tun ranar Mutemheb ba ta sake taka kasuwar ba. Ni nake yi mata cefane, kuma na daina ganin mai kifin. Ban faɗa mata ba, ita ma ba ta tambaya ba.