Kan Alhaji a Wuyan Jaki

Mannir ɗan Bunguɗu ne, amma a Gusau ya koyi sana'a, a wata maɗaba'a da ake jera haruffan dalma da hannu. A shekarar da sojoji suka ce za su miƙa mulki ga farar hula, ya haɗa jari da abokinsa Tanko, wani Kirista mutumin Zuru da ya daɗe yana buga tafireta a ofishin gwamnati. Suka kama shago a Sabon Gari, suka sayo kwamfuta 'yar gwanjo daga Kaduna, da firinta, da na'urar kwafar hoto.

Kwamfutar ƙaramin ciki gare ta. Wanda ya sayar musu ya ba su manhaja biyu ta tsara aikin ɗab'i, ya ce su ɗura ɗaya, don in suka ɗura duka za ta riƙa nishi kamar tsohuwar mota a hawan tudu. Ɗaya PageMaker ce, ta jera shafukan littafi. Ɗayar CorelDraw, ta zane da hotuna da manyan haruffa.

"Mu ɗauki ta littafi," in ji Tanko. "Takardun jarrabawa, littafin waƙoƙin coci, na makarantun Islamiyya. Wanga aiki ba ya yankewa."

"Zaɓe ya taho, Malam Tanko. Kowane kansila fosta yake so, da fuska tai da hula tai. Wa za shi kawo muna littafi bana?"

"Ni dai ban son mutanen siyasa cikin shago."

Sun yi ta ja har Tanko ya gaji ya sakar masa. Mannir ya ɗura ta zane, ya zauna mata har ya iya ta kamar tafin hannunsa. Don ya ja ciniki, ya yanko hoton kansa ya ɗora a jikin wani ƙaton ɗan dambe, ya manna a ƙofar shago. Jama'a suka riƙa tsayawa suna dariya. Kafin wata ya mutu, duk Gusau an san akwai shagon da ake ɗauke kan mutum a sa wa wani.

Ana cikin haka wata fosta ta ɓulla a Tsafe. An wayi gari an manna ta a kasuwa da tasha, har su Bilbis da 'Yandoto: kan Alhaji Mahadi, mai neman kujerar ƙaramar hukuma, a wuyan jaki, da mangala a baya. Ba Mannir ya yi ta ba. Bai ma gan ta ba sai ranar da aka kawo masa ita.

Da hantsi ne. Tanko yana gaban kwamfuta, Mannir yana yankan takarda a baya, sai wata a-kori-kura ta ci birki a ƙofa. 'Yan bangar Alhaji Mahadi suka duro da gorori da adduna, wasu sun rufe fuska da rawani. Jagoransu, wani gajere mai jajayen idanu da ake kira Mu'azu, ya shigo ya liƙa wa Tanko fostar a fuska.

"Ku kunka yi wanga?"

"Wallahi ba mu ba ne. Duba takardar ma, ba irin..."

Gora ta sauka a bakinsa kafin ya ƙarasa. Ya faɗi da kujerar, haƙora biyu suka yi tsalle a siminti. Wani ya ɗaga gilashin kwamfutar ya maka da bango, ya fashe da ƙara kamar bindiga. Mu'azu ya taka wuyan Tanko, ya jawo hannunsa na dama ya shimfiɗa a kan tebur.

"Da wanga hannu kaka zane, ko?"

"Ni ne mai zanen!" Mannir ya kwarma ihu daga baya. "Ku sake shi, ni ne!"

Ba wanda ya saurare shi. Addar ta sauka. Kukan da Tanko ya yi bai yi kama da na mutum ba. Jini ya fesu a kan takardun da aka jera, ya gangaro ta ƙafar tebur.

Mannir bai san lokacin da ya fizge ƙarfen da ake danne injin yankan takarda da shi ba. Biyu suka yo kansa. Na farko ya kai masa gora a kafaɗa, ya ji ƙashi ya amsa, amma bai faɗi ba. Na biyun, dogo mai rawani a fuska, ya ɗaga barandami. Mannir ya riƙe ƙarfen da hannu biyu ya sauke masa a gefen kai da duk ƙarfinsa. Mutumin ya sulale ya zube a kan kwalayen tawada, ƙafafunsa suna shure-shure, rawanin ya warware.

Haliru ne. Gidansu yana jikin gidan su Mannir a Bunguɗu. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi wankan gulbi.

Mannir ya tsaya da ƙarfe a hannu, baki buɗe. A nan suka same shi. Suka rufe shi da duka ta ko'ina, haƙarƙari, baya, kai, har ya daina kare kansa. Yana kwance yana jin warin fetur da ake watsawa, sai ihu ya tashi a titi. Mahauta da masu faci da 'yan acaɓa na layin sun yo gayya da duwatsu da sanduna. 'Yan bangar suka ja Haliru ta ƙafa suka jefa a mota, suka tsere, ashanar ba ta kai ga kamawa ba.

A asibiti aka ɗinke hannun Tanko. Babban yatsa da ɗan ƙarami kawai suka rage. Matarsa Ladi ta zauna a gefen gado, ba ta ko kalli Mannir ba da ya shigo da hannu a rataye.

"Malam Tanko," in ji Mannir.

"Zauna," in ji Tanko ta kumburarren baki. "Wanda ka buga, ya mutu?"

"Ban sani ba."

"To je ka bincika. Ni ga ni, ina numfashi."

'Yan sanda sun tsare Mannir, suka sake shi da maƙwabta suka ba da shaida. Mu'azu kuwa ba a ko kira shi ba. Wanda ya buga fostar ma ba a taɓa sani ba. Wasu sun ce daga wata jiha aka yo ta.

Da ya iya shiga mota, Mannir ya tafi Bunguɗu. Bai biya gidansu ba, ya wuce gidan su Haliru ya yi sallama. Inna Rabi, mahaifiyar Haliru, ta fito, ta dube shi tun daga kai har ƙafa, sannan ta ɗaga masa labule.

Haliru yana kwance a tabarma, kai a naɗe, gefen fuska ya karkace, miyau yana zuba. Ya ga Mannir, ya motsa baki, maganar ta ƙi fita. Mannir ya durƙusa ya riƙe hannunsa. Hannun ba nauyi, kamar na jinjiri.

"Inna, ban san shi ba ne. Fuska tai a rufe take."

"Na ji," ta ce. Ta ɗebo ruwa a moɗa ta ajiye masa. "Na hana shi bin mutanen ga, ya ce damina ba ta yi kyau ba. Ko buhun gero ba su aiko ba." Ta sa gefen zanenta ta goge wa ɗanta baki.

Mannir bai iya shan ruwan ba. Da ya fito, Mas'udu, wan Haliru, yana tsaye a zaure da fartanya a kafaɗa.

"Don tsohuwa na ƙyale ka ka shiga," ya ce a hankali. "In na sake ganin ka a unguwar ga, ɗayanmu za a ɗauka."

Mannir ya sa takalmansa ya nufi tasha. Bayan sallar layya Tanko ya kwashe iyalinsa ya koma Zuru, inda wani ƙaninsa ya ba shi tsaron shagon magani. Mannir ya raka su har mota, ya ɗora musu kaya da hannunsa mai lafiya. Ladi ta ce masa sai wata rana. Haliru ya yi shekaru a kwance kafin ya cika, kuma Mannir a bakin wani direba ya ji, bayan an yi addu'ar bakwai.