Injin da Yake Gajiya

Tun da Maigida ya yi ritaya, kujerar bakin taga ta zama gidansa. Mutumin da a da ba ya iya zama wuri ɗaya, sai ga shi yana wuni yana kallon titi, abinci ma sai na yi da gaske yake ci. Tsoro ya kama ni, don na ga yadda zaman banza ya cinye yayana bayan ya bar aiki.

A bayan gidanmu akwai ɗan fili da ciyawa ta kai gwiwa. Rannan na gaji, na ce masa, "In ba za ka tashi don ni ba, ka tashi don macizai."

Muka je shagon kayan lambu. Mai shagon ya jera mana injinan yankan ciyawa, irin na riƙewa a hannu masu batir. Ya ɗago wani ja mai ƙyalli, ya ce wannan na babban kamfani ne, batirinsa ba ya gajiya. Sannan ya nuna wani kore da ƙafa, ko sunkuyawa bai yi ba, ya ce wannan kuwa na 'yan koyo ne. Maigida, da bai taɓa yanke ko ganye ba, ya ce to ai shi ne ɗan koyon. Muka ɗauki koren.

An ce araha ba ta ado, kuma ba a yi ƙarya ba. Ƙararsa sai ka ce injin niƙa. Igiyar robar da ke yankan ba ta da aiki sai tsinkewa, batirin kuma kafin mutum ya yi gumin kirki ya mutu. Ranar farko ma ya aske min furannin gindin katanga tas, na yi masifa har na gode Allah.

Amma in batir ya mutu, sai ya sa shi caji, ya zo ya zauna a ƙofar kicin. In zuba masa shayi, shi kuma ya yi ta ba ni labarin kusurwar da ciyawarta ta fi taurin kai. Kafin ya kai ƙarshen filin, farkon ya sake tofowa. Kullum da abin da zai tashi ya yi. Ya koma cin abinci har da neman ƙari. Na ji daɗi ƙwarai, ban dai faɗa masa ba, kada kansa ya kumbura.

Ana nan sai babbar 'yarmu ta zo gaishe mu, ta tarar da ubanta a durƙushe yana ɗaura igiya. Ta ja ni gefe. "Haba Mama, ya za ki bar Baba yana wahala da wannan gwangwanin?" Ba a jima ba ta aiko masa da jan injin a kwalinsa.

Ba zan yi wa injin sharri ba, ya amsa sunansa. Ba ƙara, ba tsinkewa. Kafin ruwan shayi ya tafasa ya ci rabin filin, kafin hantsi ya gama. Maigida ya goge shi, ya mayar kwali. Washegari babu abin yanka, jibi ma haka. Na fito daga kicin na same shi a bakin taga yana kallon titi.

Na so in kira yarinyar in wanke ta tas, to amma da zuciya ɗaya ta yi. Na haɗiye, na huce a kan tukwane.

Da ta dawo ita da mijinta, ta ce, "Baba, ya injin?"

"Inji ya yi, Allah ya yi miki albarka. Ya ma fi ni iya aikin."

Ya shiga ɗaki ya fito da kwalin, ya miƙa wa surukinsa. Ya ce, "Ku masu sammakon ofis, ku ya dace da ku."

"Baba, ai don ka huta na saya."

"Na sani, 'yata. An riga an hutar da ni sau ɗaya, ban ji daɗinsa ba."

Ta dube ni. Na kawar da kai, don idona ya kawo ruwa.

Suna fita ya tambaye ni inda na jefa batirin koren. Na ce ban jefar ba, yana caji tun jiya.